Farar Takarda a Hular Yaya

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Yaya ya riga mu tafiya. Ranar Talata ne bayan azahar, a ɗakinsa, bayan zazzaɓin kwana huɗu.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Doya nake soyawa a bakin tasha a nan Keffi, tun hanyar Abuja ba ta cika haka ba. 'Yata ta fari ce ke rubuta wannan. Na ce mata kada ta gyara min magana, don zan sa wani ya karanta min.

Abin da ya sa na ce a rubuta, kwana uku na yi zaune a gidan makoki ina jin abin da ba haka yake ba.

Wata ta shigo ta ce, "Allah Sarki, Malam mai haƙuri." Ba shi da haƙuri. Wata ta ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ya ɓata min, ya ɓata wa liman, ya ɓata wa rabin direbobin tasha. Wani tsoho a ƙofar gida ya ce, "Mutum ne mai son wasa." Yaya bai san wasa ba. Ko ƙwallo ya ga ana bugawa, fuskarsa kamar ta mai awon hatsi take.

Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Abuja da motoci, kowa da tumbinsa a gaba. Su kaɗai suka faɗi gaskiya. Ɗaya ya ce ya taɓa yin addu'ar ruwan sama ya cinye filin makaranta saboda shi. Mazan da suka je maƙabarta sun ce da aka zo ɗaga makara, wani daga cikinsu ya ce, "Ku lanƙwasa gwiwa, ba baya ba." Sai duk suka lanƙwasa. Wasu suka yi dariya, wasu suka kasa. Maganar Yaya ce. Ranar jana'izar mahaifiyarmu haka ya tsayar da mutane da gawa a hannu ya gyara musu tsayuwa. Shekara guda kawunmu bai yi masa magana ba.

A rana ta biyu 'yata ta karanta min sanarwar rasuwar da babban ɗansa ya tura wa mutane a waya. Ya sa Dakta a gaban sunan.

Na kira shi na ce ya cire.

Ya ce, "Haba Gwaggo, ai kaɗan ya rage."

"Bai samu ba."

"To wa ya jawo?"

A gaban mata ya faɗa. Matar Yaya ta sunkuyar da kai.

Ni na jawo. Saura kwana tara a ba shi Daktan na buɗe baki, ya fasa karɓa. Ba na musu. Amma a ji yadda aka yi.

Yaya malamin motsa jiki ne. Shekara talatin da biyar yana yawo a makarantun sakandare da usur a wuya. A gari Malamin Tsalle ake ce masa. Mahaifinmu har ya rasu bai yarda aiki ba ne. Yakan ce, "Na tura ka ka zama likita, ka koyo min gudu. Akuyar gidan nan ma ta iya, ba ta je kwaleji ba."

Ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. In ya zo wurin suyata sai ya zauna a benci ya zuba wa masu wucewa ido.

"Wancan direban, ƙugunsa na hagu zai kwantar da shi."

"Yaya, ka bar mutane su ci doya."

Ba zai bari ba. Sai ya tashi ya je ya gaya wa mutumin. Na rasa masu saye da yawa ta haka. Direban kuwa ya kwanta, amma wannan bai dawo min da cinikina ba.

In ka gaishe shi, kafin ya amsa zai ce, "Miƙe bayanka." Ba ya zama a kujera mai laushi, ya ce ta fi ciwo kwantar da mutane. Liman ya taɓa korarsa daga zaure don ya ce masa yadda yake tasowa daga sujada zai gama masa da gwiwa.

Zan faɗi alherinsa, kada a ce na ɓoye. Shekarar da motarmu ta kife a hanyar Garaku, mijina ya mutu a wurin, ɗana na biyu ya mutu kafin a kai asibiti. Ni ƙuguna ya karye. Da aka sallame ni kowa ya zo ya ce sannu. Yaya bai ce ba. Kullum da safe sai ya zo a keke, ya kama ƙafata ya lanƙwasa, ya miƙar, ina ihu ina zaginsa. Ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakina zuwa bayan gida ya ce in bi ta. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "To ki yi a nan," ya fita tsakar gida ya juya min baya. Na bi igiyar ina kuka. Wata bakwai yana zuwa. Duk lokacin da aka miƙo masa abinci a gidana sai ya ce azumi yake. Sai bayan shekaru matarsa ta gaya min ba azumin komai, ya ga abin da ke tukunyar ne bai kai mu ba.

Da ya yi ritaya muka ce to, Alhamdulillahi, zai zauna. Sai ya koma jami'a. Da furfurarsa, da jakar goyo irin ta yara. Ya yi digiri na biyu, muka ci shinkafa, muka ce an gama. Ya ce saura na uku, wanda in an gama ake ce wa mutum Dakta. Sunan karatun dogo ne, bakina bai taɓa iya shi ba. Ya ce da Hausa sanin yadda jiki ke motsi ne, da yadda ake koyar da shi.

Na ce, "Me ya rage ba ka sani ba?"

Ya ce, "Na gaji da faɗin abin da ba na iya nunawa."

Malamar da aka ba shi ta duba aikinsa ɗalibarsa ce a da. Ya taɓa sa ta zagaye fili sau biyar don ta makara. Ita tana ce masa Baba, shi yana ce mata ranki ya daɗe, in ta shigo ya miƙe tsaye. Ta yi ta roƙonsa ya daina. Bai daina ba.

A kan tsofaffin mata ya ce zai yi bincikensa. Wai maza suna tafiya masallaci sau biyar, suna hawa keke, mata kuwa ba wanda ya taɓa tsayawa ya auna yadda suke tashi daga ƙasa. Ya haɗa wasu motsi da kayan gida. Ki zauna a benci ki tashi ba dafawa, sau goma. In kin iya, ki koma kujera 'yar tsuguno. In kin iya, tabarma. Ki riƙe taɓarya ki tsaya da ƙafa ɗaya kafin kunu ya tafasa. Da wasu ƙanana. A lokacin ban san ko ɗaya ba, sai daga baya.

Ya tara mu mata arba'in na unguwa a tsakar gidansa. Hausawa, Gwandara, Eggon, Mada, har da Madam mai shagon kusa da mu, 'yar kudu ce amma ta tsufa a Keffi. Ni na je da Inna, uwar mijina, wadda ta rage a hannuna tun rasuwar ɗanta. Ya auna kowa. Yana riƙe da agogon nan da ake danna wa kai, matarsa tana ƙirga sau nawa za ki tashi ki zauna kafin ya ce tsaya. Sannan ya cire hularsa, ya zuba ƙananan takardu a naɗe, ya ce kowa ta sa hannu ta ɗauki ɗaya.

Mai jar takarda za a koya mata motsin, ta riƙa yi wata shida. Mai fara ta koma gida ta ci gaba da zamanta yadda ta saba. Bayan wata shida a sake auna kowa, a ga ko masu ja sun fi masu fara. Ya ce in ba a bar wasu haka nan ba, ba yadda za a san motsin ne ya yi aiki. Ya ce da an gama awon, masu fara ma za a koya musu. Ya sa masu ja suka yi alkawarin ba za su nuna wa kowa ba.

Na ɗauki fara. Inna ta ɗauki fara.

Da mata suka watse na tsaya.

"Yaya, canza min."

"Ƙuri'a ce."

"Hularka ce. Takardarka ce. Kai ka san ƙuguna, da hannunka ka gyara shi."

"In na canza miki, na zaɓa ke nan. In na zaɓa, aikin ya lalace."

"To Inna fa? Wa ya ba ka tabbacin tana da wata shida?"

"Allah ya ba ta."

"Ni ƙanwarka ce."

Ya duba littafinsa. Ya ce, "A nan ke lamba goma sha bakwai ce."

Na ce lamba goma sha bakwai ba za ta sake taka gidansa ba. Wata uku ban taka ba.

A wata na biyu na dawo daga tasha da la'asar ban ga Inna a ɗaki ba. A bayan gida na same ta. Ta tsuguna tun hantsi ta kasa tashi. Maƙwabta suna nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ba ta kira ba, don kunya. Na ɗauko ta, na wanke ta. Ba ta kalle ni ba. Daga ranar ta rage cin abinci, ta rage shan ruwa, don kada ta buƙaci zagayawa. Ina gani tana ƙanƙancewa.

Ban je wurin Yaya ba. Muna faɗa, kuma na san amsar da zan samu, ko haka na ɗauka. Shagon Madam na je, ita ja ta ɗauka.

Na ce, "Nuna min abin da ake koya muku."

Ta ce, "Malam ya ce sirri ne."

Na gaya mata abin da ya sami Inna. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta ja ƙofar shagon.

"Abeg, wane sirri? Tashi ne da zama. Kawo bencin can."

Na koya, na koya wa Inna. Da farko sau biyu take tashi, tana zagina. Bayan sati uku ta yi takwas. Kafin wata biyu ta koma zagayawa ita kaɗai, ta koma cin tuwonta har da neman ƙari.

A unguwarmu ba a ɓoye magani. In kin san ganyen da ya yi wa jikanki aiki kika yi shiru, ranar da aka gane kin gama zama da mutane. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga Inna da taɓarya a tsaye da ƙafa ɗaya, ita ma fara ta ɗauka. In ce mata me? Na nuna mata. Ta nuna wa ƙawarta. A wani suna da aka yi a bayan kasuwa, da idona na ga mata shida a ɗakin mai jego suna tashi suna zama a bakin gado, ana ƙirga musu ana shewa. Kowa ta san kada Malam ya ji. Ba mugunta ba ce. Ba a so ransa ya ɓaci ne.

Wata shida suka cika. Ya sake tara mu. Kafin ya auna kowace mai fara sai ya tambaye ta, "Kin yi wani motsa jiki a wannan lokacin?"

"A'a, Malam."

Mu ashirin, har da wadda ta je Makka sau biyu. Ni ma na ce a'a, ina kallon agogonsa.

Da ya haɗa lissafinsa, masu ja sun ƙaru, masu fara sun ƙaru daidai da su. Ba bambanci. Ya sake haɗawa. Ya kai wa malamarsa, ta haɗa da na'urarta. Ba bambanci. Ta ce masa wannan ma sakamako ne, mai bincike abin da ya gani yake rubutawa, kuma ba zai hana a ba shi digirinsa ba. Ya zauna ya rubuta da hannunsa cewa motsin nasa bai nuna wani amfani ba.

Daga nan Yaya ya canza. Ya daina fita da asuba. Ya rataye usur a ƙusa. Na shiga gidan wata rana na tarar da shi a nutse cikin kujerar falo, wadda ya hana kowa zama. Na gaishe shi, ya amsa kawai, bai ce komai a kan bayana ba. Ya zo wurin suyata ya ci doya har da mai, mutane suna wucewa da ɗingishi iri-iri, bai ɗaga kai ba.

Shekara guda ana haka, yana rubutu, ana gyara masa, yana sake rubutawa. Ni ina soya doyata. Aka sa ranar da zai tsaya gaban manyan malamai ya kare aikin. 'Ya'yansa suka fitar da anko. Ni ma aka kawo min nawa, na kai wa tela.

Na san abu biyu. In na yi shiru zai zama Dakta, ya mutu yana ganin aikin banza ya yi a duniya. In na faɗa, na san halinsa.

Na zaɓi shiru. Har saura kwana tara.

Ranar ya zo gaida Inna da hantsi. Tana kan tabarma tana tsintar wake. Da ta ji sallamarsa ta miƙe tsaye, ba dafa bango, ba dafa ƙasa. Ya tsaya yana kallonta.

Ya ce min, "Kin gani? Inna ba ta yi komai ba, ga ta nan kamar budurwa. Baba ya yi gaskiya. Shekara talatin da biyar ina gasa 'ya'yan mutane a rana."

Ban shirya ba. Bakina ne ya yi.

"Ta yi."

"Ta yi me?"

"Benci, kujera, tabarma, taɓarya. Kullum sau biyu. Ni na koya mata."

Inna ta kwashe wakenta ta shige ɗaki.

"Wa ya koya miki?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ku nawa?"

"Duka."

"Duka ashirin?"

"Har da waɗanda ba sa cikin littafinka. Har da matar liman."

Ya zauna a kan bencin Inna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ga kafaɗarsa tana rawa, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Ya yi ta har da tari. Yana cewa, "Ashe yana yi. Ashe yana yi." Sannan dariyar ta ɗauke, ya tambayi dalili. Na gaya masa maganar bayan gida.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ke wace irin mutum ce? Da kin zo kin gaya min, a ranar zan cire ta daga lissafi in koya mata da kaina! Haka dokar take! Duk wadda ta faɗi ko ta shiga hatsari, cire ta ake yi a taimake ta. Na faɗa a tsakar gida!"

"Ban ji ba."

"Ina za ki ji, kina can kina hararata!"

Wataƙila ya faɗa. Ya yi magana mai yawa a ranar.

Ya mayar da hularsa ya miƙe. Na ce ina za shi. Ya ce jami'a.

Na tare ƙofa. "Yaya, saura kwana tara. An ɗinka anko. Wa ya sani? Daga ni sai kai."

Ya ce, "To mun yi yawa. Matsa."

Malamarsa da kanta ta biyo shi gida washegari. Ina nan, a gabana aka yi. Ta ce, "Baba, akwai hanya. A rubuta gaskiyar abin da ya faru a cikin aikin, a ɗaga ranar kaɗan, ka kare shi a haka. Ba kai ne na farko da irin wannan ta samu ba."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na ce zan auna abu, ban auna shi ba."

"Baba, shekarunka fa."

"Su ma a rubuta su a cikin aikin?"

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce tun tana aji biyu haka yake.

Sakewa ya yi daga farko. Wannan karon ba a Keffi ba. Ya nemi ƙauyuka biyu a wajen Panda, masu nisa da juna, kowanne da kasuwarsa. Ƙauye guda ja, ƙauye guda fari. Neman izini kaɗai ya ci kusan shekara. 'Ya'yansa suka daina gaishe ni yadda suka saba. Ankon yana cikin akwatina.

Wata safiya sai ga shi a wurin suya, da usur a wuya.

"Ranar Alhamis za ki bi ni."

"In yi me?"

"Matan can Gwandara suka fi ji. Ni na manta nawa, ke ba ki manta ba. Kuma ke kika san ta inda ɓarna ke shiga."

"Doyar fa?"

"Miƙe bayanki."

Na bi shi. Duk Alhamis, mota zuwa Panda, sannan babur. Shi yana koyarwa a ƙauyen ja, ni ina zaune cikin mata ina tambayar wa ke da 'ya a ɗaya ƙauyen, wa ke zuwa biki can. Na samo masa uku. Ya rubuta, ya ce da a ce na yi boko da an huta. Ban sani ba ko yabo ne.

A wata na huɗu zazzaɓin ya kama shi. Mutumin da bai yarda da maiƙo ba, bai yarda da kujera ba. Inna kuwa tana nan da ranta, ita ta fi kowa kuka. A rana ta uku na ciwon na zauna kusa da shi na ce, "Da na yi shiru da yanzu kai Dakta ne." Ya buɗe ido ya ce, "Ranar Alhamis ki je ko ba ni." Iyakar abin da na samu ke nan.

Bayan addu'ar bakwai malamarsa ta kira ni gefe. Ta ce saura sati bakwai a yi awon ƙarshe. Ita da ɗalibanta za su yi, matar Yaya za ta ci gaba da bi da matan ƙauyen ja. Ba ta yi min alkawarin Dakta ba. Ta ce in awon ya fita da tsabta, aikin zai fito da sunansa a sama. Abu ɗaya ta roƙa, kada ƙauyen fari ya koya kafin ranar.

Alhamis na je ƙauyen fari. Matan suka yi min gaisuwa, suka kawo gyaɗa. Sannan suka ce tunda Malam ya rasu, in nuna musu abin kawai a wuce wurin. Na ce sai an yi awo. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mace mai busasshiyar zuciya irina ba. Na ci gyaɗata.

Da zan tafi aka kai ni wani gida. Wata tsohuwa ce, tana cikin littafin. Shekaranjiya ta durƙusa gaban murhu ta kasa tashi, wuta ta kama bakin zaninta. Allah ya sa surukarta na kusa. Na ga ƙunar a ƙaurinta.

Na sa aka kira min malamar a waya. Ta ce a cire ta daga lissafi, a koya mata yau. Na ce to. Na kashe wayar na dubi gidan. Katangar zana ce. Mata huɗu suna leƙe ta sama.

Na ce wa ɗanta ya haɗa mata kaya, za ta bi ni Keffi a duba ƙunar, ta kwana biyu.

Tana ɗakina yanzu, sati biyu ke nan. Ba dangina ba ce, ban san ta ba sai ranar. Ta ce miyata ba gishiri. Ta ce ruwan Keffi yana wari. Ita da Inna suna faɗa a kan taɓarya kullum, amma ta bar benci ta koma kujera 'yar tsuguno, jiya ta yi tara.

Jiyan nan kuma surukarta ta zo duba ta da doya biyar. Na bar suya na dawo gida na zauna tsakaninsu, tun zuwanta har tafiyarta. Da matar ta yi sallama, tsohuwa ta tattara ƙafa za ta miƙe ta raka ta, tana murmushi, so take a gani. Na ɗora mata hannu a kafaɗa na danna.

Na ce, "Zauna, Iya. Ba ki da lafiya."

Ta zage ni da Gwandara, zagin da tun rasuwar mahaifiyarmu ban ji irinsa ba. Ban ɗaga hannun ba sai da na ji babur ya tashi.

Saura sati biyar.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe masa abin da ya yi da saninsa da wanda bai sani ba. Ni ma na yafe masa komai. Wannan tsohuwar ce kawai sai an gama awo.